Ranar da Aka Canja Fim a Makera

Jethro ya bar aikin soja shekara biyu kafin sojoji su bar mulki. Rage su aka yi, shi da wasu da yawa. Aka miƙa masa takardar sallama, ya zo Kaduna ya sami aikin gadi a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Ya kama ɗaki ɗaya a Makera, a wani gidan haya mai ɗakuna goma sha biyu da famfo guda a tsakar gida. Matarsa Rhoda ta zauna da shi wata bakwai a ɗakin, sannan ta kwashi yaransu biyu ta koma gida, can wajen Zonkwa. Ba faɗa suka yi ba. Cewa ta yi ta gaji da zama da mutumin da zai yini bai ce mata uffan ba, wanda ko murfin tukunya ne ya faɗi sai ya zabura ya firgita yara. Ya raka su tasha, ya ɗora musu kaya a mota, ya dawo.

Mutanen gidan hayar Kofur suke kiransa, don muƙamin da ya bari ke nan. Gaisuwa ce kawai tsakaninsu. A coci ma bencin baya yake zama, kuma kafin fasto ya gama sa albarka ya riga ya kai bakin ƙofa.

Abu ɗaya ne ba ya wuce shi, wasan rana na ran Lahadi a silimar unguwar. Gini ne dogo mai rufin kwano, da fankoki huɗu da ba sa korar zafi, da bencuna jere har gaban allo. Ƙarfe uku ake farawa. Ran Lahadi fim ɗin Indiya ake sawa, kuma shi Jethro ke so. Ba ya jin yaren, ba ya ma damuwa da ya ji. Akwai masu bayani a kowane benci, waɗanda suka kalli fim ɗin sau biyar, suna faɗa wa na kusa da su abin da zai faru tun kafin ya faru. Yakan zauna a ƙarshen benci, jikin bango. In an kashe fitilu, wuri ya cika, sai kafaɗar wani ta jingina da tasa, wani ya miƙo masa gyaɗa ba tare da ya san ko wane ne ba. In uwar jarumi ta mutu a allo, ƙarti majiya ƙarfi, leburori da direbobi, sai ka ji suna jan hanci suna cewa hayaƙin taba ne ya shiga musu ido. Shi ma a nan yake samun nasa hawayen su zubo. Ba mai kallonsa, ba mai tambayarsa. Awa uku cur yana cikin mutane, kuma ba wanda yake jiran ya yi magana.

Lahadin farko bayan an miƙa mulki ga farar hula, garin bai gama natsuwa ba. An yi biki, an yi jawabai a rediyo, amma a kasuwar Kakuri da ƙofar masaƙa maganar ɗaya ce: anya sojan da ya ɗanɗana mulki shekara goma sha uku zai koma bariki ya zauna? Wasu suna cewa a ba su wata guda a gani.

Jethro ya sayi tikitinsa kamar kullum, ya zauna a wurinsa. Hoton da ke manne a waje na Indiya ne, mace tana ja-in-ja da wani mai gashin baki. Sai da aka kashe fitilu sannan murya ta fito daga lasifika tana ba da haƙuri. Motar da za ta kawo fim ɗin daga Kano ta lalace a hanya, saboda haka za a sa wani na Turawa, na yaƙi. Aka yi tsaki, wasu suka buga benci. Da aka ga jiragen sama sun cika allo kuwa, sai tsakin ya koma tafi.

Ya yi niyyar tashi. Amma mutum takwas ne tsakaninsa da hanya, gwiwoyinsu sun tokare bencin gaba, ga wani mai ƙiba a gefensa ya riga ya miƙe ƙafa. Ya ce a ransa ai hoto ne. Ya zauna.

Da farko ba komai. Turawa ne cikin kaki suna shan taba a bayan mota, suna dariya. Ya ma lura da yadda ɗaya ya riƙe bindiga ba daidai ba, har ya ɗan murmusa. Daga nan aka nuna su sun iso bakin wani kogi da asuba, suna shiga kwalekwale, ba mai magana. Kiɗan ya tsaya. Ba abin da ake ji sai ƙarar ruwa a jikin katako.

Nan ne bakinsa ya bushe. Ya nemi miyau ya haɗiye, babu. Tafin hannunsa ya jiƙe, ya goga a wando, ya sake jiƙewa. Ya ji zuciyarsa tana bugawa a wuya, a kunne, har a cikin haƙoransa. Silimar da yake kuka da zafinta, sai ga shi yana jin sanyi yana bin bayansa. Mutumin da ke gefensa ya ce da abokinsa, “Kalli, yanzu za a buɗe musu wuta.”

Aka buɗe. Lasifikan silimar manya ne, an ɗaure su a jikin ginshiƙi, kuma ɗaya tana saman kansa. Ƙarar igwa ta farko ta shiga ta benci ta hau ƙashin bayansa. Wari ya zo masa, warin laka da albarushi, alhali ba abin da ke wurin sai warin zufa da taba. Ya daina ganin allo a matsayin allo. Ya ga ruwa yana tashi sama fari fat, ya ga kwalekwale ya kife, ya ji wata doguwar shewa tana saukowa daga sama, irin wadda jikinsa ya san abin da ke biyo bayanta.

Bai san lokacin da ya miƙe ba. Murya ce ta fito daga cikinsa, wadda ya yi shekara biyu bai yi amfani da ita ba, muryar da ake ji daga wannan ƙarshen fareti zuwa wancan.

“Ku kwanta! Kowa ya kwanta ƙasa! Ku kwanta na ce!”

Ya danƙi wuyan rigar mai ƙiban nan ya kifa shi ƙarƙashin benci, ya faɗa a kansa.

Duk wanda ya zauna a ƙasar nan a shekarun nan ya san muryar soja in ya ji ta. Wani daga baya ya yi ihu, “Sojoji! Sun dawo!” Wani ya ce wuta ce. Cikin duhu mutum ɗari uku suka tashi lokaci ɗaya suka nufi ƙofa guda. Bencuna suka kife. Takalma suka zube. A allo ana ta harbi, a ƙasa ana ta tattake juna, har aka samu wani ya ɓalle ƙofar gefe haske ya shigo.

Da aka kunna fitilu, Jethro yana nan kwance, hannuwansa biyu a kan ƙeyarsa, jikinsa yana kaɗawa kamar mai zazzaɓi. Mai ƙiban ya riga ya ƙwace, yana tsaye yana huci, rigarsa a yage.

“Ga shi nan! Wannan mahaukacin ne!”

Waɗanda suka fita suka fara dawowa neman takalma da huluna. Da suka gane ba soja ba wuta, sai tsoro ya koma fushi, wasu kuma dariya. Wani tela ya gurɗe a ƙafa, wani ya fasa leɓe. Aka kewaye Jethro. Wani ya shure shi a cinya. Bai ji ba.

Wanda ya raba shi da su wani dattijo ne siriri mai furfura a gemu, da tabon baƙin mai a gaban rigarsa. Malam Ɗahiru ke nan, mai sarrafa injin majigi, wanda kowa ke kira Ofareta. Daga Tudun Wada yake zuwa a keke kullum. Ya sauko daga ɗakinsa na sama ya ratsa mutane.

“Ku ba shi iska. Kai, janye ƙafarka. Ba ku ga mutum ba shi da lafiya ba?”

Ya kama shi ya tayar, ya fitar da shi ta ƙofar baya zuwa wani ɗan fili inda injin wuta yake. Ya zaunar da shi a kan wani tsohon gwangwanin fim, ya kawo buta ya zuba masa ruwa a ka. Jethro ya sunkuya ya yi amai. Malam Ɗahiru ya jira har ya gama, sannan ya miƙa masa butar ya kuskure baki.

“Sannu. Yaya sunan malamin?”

“Jethro.”

“Na san fuskarka. Kai ne mai zama jikin bango. Ta ƴar tagata ina ganin kowa.” Ya tsuguna a gabansa. “Ka yi yaƙi ko?”

Jethro ya ɗaga kai.

“Na ga alama. Shekarata ashirin da biyu a wannan aiki, Malam Jethro. Na ga wanda ya jefi allo da takalmi don mugu ya mari yarinya. Na ga wanda ya suma da aka nuna ana yi wa mutum tiyata. Akwai wani direban tirela, in an zo wurin bin mota a guje, ƙafarsa ta dama har taka burki take yi a ƙasa. Ido ne ke kallo, amma jiki bai san wasa ba ne. Sai dai irin naka ban taɓa gani ba.”

 Jethro ya matse hannuwansa tsakanin gwiwoyinsa. Ya buɗe baki don ya ba da haƙuri, sai wata magana dabam ta fito.

“Mu ma kogi muka ƙetare.”

Malam Ɗahiru ya gyara tsugunno, Jethro ya ci gaba.

“Ni da Joseph. Garinmu ɗaya, rana ɗaya muka shiga soja. Kwalekwalenmu ya kai gaɓa, muka fito muna gudu cikin laka. Aka same shi a ciki. Nan.” Ya nuna ƙasan cibiyarsa. “Ya riƙe mini ƙafar wando. Ya ce, Jethro, kada ka bar ni a nan. Saje yana ihu mu ci gaba. Na ce masa zan dawo. Na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.” Ya dubi hannuwansa. “Sai bayan kwana biyu muka dawo ta wurin. Ruwa ya riga ya hau.”

“Allah ya ji ƙansa.”

“Na rubuta wa matarsa cewa nan take ya mutu, bai sha wahala ba.”

“Tana ina yanzu?”

“Nan Nasarawa. Scholastica. Tana sayar da hatsi.” Ya share fuska. “Shekarata biyu a garin nan, ban taɓa bin layinsu ba.”

Kafin Malam Ɗahiru ya amsa, manajan silimar ya leƙo, Alhaji Bello, yana share zufa da hankici. Bai ko dubi Jethro ba, da ma’aikacinsa ya yi magana. Benci shida sun karye, ƙofa ta ɓalle, kuma saura kaɗan a kira ƴan sanda. Wannan mutumin kada a sake sayar masa da tikiti. Ya riga ya gaya wa masu ƙofa.

“Alhaji, ba da gangan ya yi ba.”

“Na sani. Gobe ma ba da gangan zai yi ba. In aka tattake wani ya mutu fa?”

Jethro ya miƙe ya ce, “Gaskiyarka, Alhaji.” Ya fita ta baya da takalmi ƙafa ɗaya.

Lahadi biyu ya yi a ɗaki. In ƙarfe uku ta yi sai ya ji jikinsa yana neman tashi, ya rasa inda za shi. Ya wanke kakin gadinsa da bai yi datti ba. Labari kuwa ya riga ya zaga Makera. In ya wuce teburin mai shayi sai wani ya yi ƙasa da murya ya ce, “Ku kwanta,” a fashe da dariya.

A Lahadi ta uku aka ƙwanƙwasa masa ƙofa. Malam Ɗahiru ne riƙe da kekensa, ya yi ta tambaya har aka nuna masa gidan.

“Alhaji ya ce kada a sayar maka da tikiti. Bai ce kada in yi baƙo a ɗakina ba. Yau na Indiya ne, na duba faifan da kaina. Ba ko bindigar wasa.”

Suka hau wani matsattsen tsani na ƙarfe a bayan ginin. Ɗakin majigin ƙarami ne, zafi kamar gidan burodi, injuna biyu suna tsaye kamar shanu. Malam Ɗahiru ya jawo zaren fim ɗin ya ɗaga shi wajen fitila.

“Duba. Ga abin da ke sa su kuka. Ƴan hotuna ne, kowane bai kai ɗan yatsa ba.”

Jethro ya duba. Mace ce ƙarama, hannunta a sama, an maimaita ta sau ba adadi.

Aka fara. Ya ja kujera ya zauna a bakin ƴar taga. Daga nan allon ya yi nisa, ƙarar inji ta danne waƙar. Ya ga hasken yana fita ta saman kawunan mutane, hayaƙin taba yana yawo a cikinsa. Ya ga kawuna ɗari uku suna karkata tare, suna ɗagowa tare. A wurinsa na jikin bango wani ne zaune da farar hula. Da aka zo wurin baƙin ciki ya ga kafaɗu suna motsi a ƙasa, hannuwa suna zuwa fuska. Shi kuwa ko ɗigo. Zuciyarsa lafiya lau, hannunsa a bushe. Bai ji tsoro ba, bai ji komai ba.

Da aka tsaya canja faifai ya miƙe.

“Malam, na gode. Allah ya saka da alheri.”

“Ai ba a kai rabi ba.”

“Na sani. Daga nan sama ba ya shiga raina.”

Malam Ɗahiru ya dube shi, hannunsa a kan inji. “To. In ka ga dama ka zo ko don hira. Ni ma ni kaɗai nake yini a nan.”

Ya sauko. Rana ba ta yi sanyi ba tukuna. Ya tsaya a bakin titi, ya dubi hanyar gida, sannan ya juya ya bi ta Nasarawa da ƙafa.

Bai sha wahalar samun gidan ba, don ya daɗe da sanin layin da yake kauce wa. Ya tarar da ita a ƙofar ɗaki tana tsince wake a faranti, da ɗankwalin zumuntar matan Katolika a kanta. Ta yi ƙiba, ta yi furfura a gefen kunne. Ta ɗago ta daɗe tana kallonsa.

“Jethro? Kai ne?”

“Ni ne, Maman Matthew.”

“An ce mini kana garin nan. Na ce ƙarya ne, da yana nan da ya zo.” Ta jawo masa kujera ƴar tsugune. “Zauna. Yaya Rhoda da yara?”

“Suna gida.” Bai zauna ba. “Maman Matthew, wasiƙar da na rubuto miki. Ba haka aka yi ba.”

Ta ajiye farantin a ƙasa a hankali.

Ya faɗa mata duka, a tsaye, hannuwansa a baya kamar mai ba da rahoto. Bai rage komai ba, har maganar yatsun. Wata maƙwabciya ta fito da bokiti, ta ga fuskokinsu, ta koma.

Scholastica ba ta yi kuka ba. Ta dubi waken da ke ƙasa.

“Ya ambaci sunana?”

Ya so ya ce e. Kalmar tana bakinsa, kuma ya san za ta karɓa.

“A’a. Ni ya kira. Ni kaɗai.”

Ta gyaɗa kai. “Wasiƙar nan tana cikin Littafina Mai Tsarki. Duk shekara nake karanta wa Matthew ita.” Ta miƙe, ta dafa bango. “Me ya sa yau?”

“Ban sani ba. Na kasa riƙe ta ne.”

“Sai ka kawo mini in riƙe.”

Ta shiga ɗaki ta saki labule. Ya tsaya a wurin, bai san ko tafiya zai yi ko jira ba. Kaji suka zo suna tsattsagar waken, ya sunkuya ya kore su, ya ɗauki farantin ya ɗora a kan taga. Ya kai minti ashirin a tsaye. Sannan labulen ya motsa, ta fito da kofin ruwa. Idanunta sun yi ja.

“Sha. Ka yi tafiya a rana.”

Ya karɓa da hannu biyu ya shanye.

“Yau ba zan iya kallonka ba, Jethro. Ka tafi. Matthew yana makarantar kwana, sai Kirsimeti zai dawo. In ya dawo ka zo ka faɗa masa da bakinka. Ni ba zan iya ba.”

“Zan zo.”

“Haka ka ce wa ubansa.”

Ba ta faɗe shi da ɗaga murya ba. Ta karɓi kofinta ta koma ciki.

Ya fito layin. Ma’aikatan masaƙa masu aikin yamma suna wucewa a kan kekuna, rukuni rukuni, suna ta musu a kan sabon gwamna. Ya matsa gefe ya ba su hanya. A bakin titi ya tsaya wurin wata mai kanti ya sayi kalanda ƙarama ta aljihu, ya ari biro, ya zagaye ranar ashirin da shida ga Disamba. Mai kantin ta tambaye shi ko biki ne. Ya ce a’a, ya mayar mata da bironta, ya kama hanyar Makera.